Adon Garka da Haƙƙin Tsintuwa

Duk wanda ya san gidajen Adar da Gobir ya san cewa son ado ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Amarya tana jera ƙoranta da tasoshinta har su kusa taɓa rufin ɗaki, magini yana yi wa goshin zaure zane, masu saƙar tabarmar Madawa suna rina kaba kafin su kama aiki, kuma ko rumbun laka na ƙasar Buza, wanda aikinsa ajiyar hatsi ne kawai, ba a barinsa sai an daidaita cikinsa da wuyansa yadda zai ƙayatar. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne ado ya fito daga ɗaki ya samu wurin zama a tsakar gida da garka. Malamin makaranta ko ma'aikaci ko ɗan kasuwa, a Bangi ko Madawa ko Keita, idan ya kewaye filinsa ya dasa bedi da lemun tsami da zogale, sai ransa ya so ya ajiye wani abu a gindinsu wanda ido zai huta a kansa: tsohuwar randa, turmin da ya tsage, dutsen niƙa da ya lotsa, ko wani dutse mai siffar katantanwa da yaro ya tsinto a kan tudu wajen kiwo.

Babu aibi a cikin wannan sha'awa, hasali ma alama ce ta mutumin da ya ɗauki gidansa da daraja. Sai dai kayan da ake ƙawata garka da su iri biyu ne. Akwai wanda hannun mai rai ya yi, aka yi ciniki, aka biya. Wannan lissafinsa ya ƙare ranar da kuɗi ya shiga hannun mai sana'a. Akwai kuma wanda aka tsinta a gona, ko a kufai, ko a bakin kwazazzabo bayan ruwa ya ɗauke. Shi ne ke ɗauke da tambayar da muke son dubawa: shin tsintar abu tana mayar da shi mallakar wanda ya tsinta, har ya yi ado da shi yadda ya ga dama, ya kyautar ko ya sayar? Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, wanda ya tsinci abin da ƙasa ta daɗe tana ɓoyewa amana ce ta faɗo hannunsa, kuma adon da zai yi da shi yana halatta ne gwargwadon yadda ya tsare amanar.

Abin da ƙasar nan ta ƙunsa

Tambayar ba ta raha ba ce, domin ƙasar da muke takawa cike take da abin tsinta. Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, teku ya sha malalowa ya rufe wannan yanki, daga arewacin Sahara har zuwa ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ake sarrafawa a yi siminti a Malbaza, a ƙasan wancan teku ya taru. Shi ya sa makiyayi kan ga bawon katantanwa da ya zama dutse a kan tudun da ko rijiya ba a samu. A In Beceten, gabas da Tawa, an tono ƙasusuwan kifaye da kadoji da manyan dabbobin nan da ake kira dinozor. A tsallaken iyaka kuwa, wata ƙatuwar dabbar teku da aka gano ƙasusuwanta a ƙasar Sakkwato, da sunan garin Goronyo masana suka raɗa mata suna a 1972.

Bayan abin da teku ya bari, akwai abin da mutane suka bari. Akwai gogaggen dutsen nan da muke kira gatarin aradu, wanda hannun ɗan Adam ne ya wasa shi tun kafin a san ƙarfe. Akwai tarin kashin tama a wuraren da maƙeran Adar suka narka ƙarfe, sana'ar da Nicole Echard ta riska a ƙarshenta har ta ɗauke ta a fim a shekarun 1960. Akwai kuma kufai, inda tsingaro da duwatsun niƙa da tsakiya ke fitowa duk damina. Masanin tarihi Djibo Hamani, da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975, ya dogara ƙwarai da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Galibin tsofaffin da ya zauna da su sun riga mu gidan gaskiya, abin da ya rage wanda zai gaskata ko ya gyara maganarsu yana kwance a waɗannan kufai.

Hukuncin tsintuwa a wurinmu

Al'adarmu ba ta bar tsintuwa sakaka ba. Kalmar cigiya kanta shaida ce: wanda ya ɓatar yana cigiya, wanda ya tsinta ma yana cigiyar mai abu, a kasuwa ko a ƙofar masallaci. Masu iya magana da suka ce tsintacciyar mage ba ta mage, suna nuni ne da cewa abin da ya shigo hannunka ta hanyar tsintuwa bai zama ɗaya da abin da ka haifa ko ka yi gumi a kansa ba. Fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure ya tafi a kan haka: abin da aka tsinta, idan yana da daraja, sai an yi shelarsa shekara guda, abin da bai taka kara ya karya ba ne kaɗai aka yafe. Dukiyar da mutanen da suka gabaci Musulunci suka bizne kuwa, wadda ake kira rikazi, ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar daga cikinta. Littattafan mazhabar sun kuma ƙyamaci tona kaburburan waɗannan mutane don neman dukiya, duk da cewa ba Musulmi ba ne.

Mai garka zai iya cewa wannan duka gaskiya ne, amma tukunyar kufai ba ta da mai ita, wa za a yi wa cigiya? Kafin mu amsa, mu dubi abin da ya faru a gabanmu. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta ba da labarin mutane fiye da 11,000 da suka tsallako daga jihar Sakkwato a watan Nuwamba na 2021, suna gudun ƴan bindiga, suka sauka a ƙauyukan karkarar Bangi. Waɗannan bayin Allah sun baro randuna da turame da duwatsun niƙa a gidajen da suka zama kufai cikin dare ɗaya. Babu mai mutunci da zai yarda a je a kwaso kayan nan a ƙawata garka da su, domin masu su suna nan zaune tare da mu. To, idan shekara goma ta wuce fa? Ƴaƴansu suna nan. Idan shekara ɗari ce? Jikokinsu suna nan, ko da sun manta sunan garin. A wace shekara ce haƙƙin zai faɗi, har abin ya zama na duk wanda ya riga kai hannu? Duk shekarar da aka ambata, son rai ne zai zaɓe ta.

Abin da hankali ya fi karɓa shi ne, daɗewa ba ta kashe haƙƙi, faɗaɗa shi take yi. Abin da ya fara a matsayin kayan gida ɗaya yakan zama na zuri'a, daga nan ya zama na dukan mutanen ƙasar, har da waɗanda ba a haifa ba. Idan masu abu suka yi yawa har ba a iya ƙirga su, sai mai gaggawa ya ɗauka babu su. A kan wannan fahimta dokar ƙasarmu ta ginu. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda ta shafi kare kayan tarihi da al'adu, ta hana tono ba da izini ba, ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa ba da izini ba, ta kuma ɗora wa wanda ya ci karo da su nauyin sanar da hukuma. Idan aka lura, cigiyar nan ce tamu ta gado aka rubuta da harshen gwamnati.

Kan da ya yi gadin doya

Akwai wani labari daga Nijeriya da ya kamata duk mai adon garka ya sani. A wajajen 1943, kusa da Jama'a, a yankin da ake haƙar kuza, wani ma'aikacin wurin haƙar ya samu wani kan mutum da aka gina da laka aka gasa. Ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi, ya yi masa gadi shekara guda. Daga baya kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani jami'in Ingila da ya karanci ilimin tonon tarihi, shi kuma ya lura yana kama da wani da aka tsinta a ƙauyen Nok a 1928. Daga nan aka gane cewa an yi wata al'umma a tsakiyar Nijeriya, fiye da shekaru 2000 da suka wuce, mai gwanintar gini da laka da narkar ƙarfe, wadda duniya ba ta da labarinta.

Labarin yana da fuska biyu. Ta farko tana goyon bayan mai garka: da mutumin nan bai ɗauki kan ba, da wataƙila ruwan wankin kuza ya farfasa shi. Ya ga abu, ya burge shi, ya adana, kuma adanawar ce ta kai shi gaban wanda ya san darajarsa. Ta biyu kuwa gargaɗi ce. Tsawon shekarar nan, abin da zai sauya tarihin Afirka yana tsaye cikin rana da ruwa yana korar ɓarna daga doya. Bai fara amfanar kowa da ilimi ba sai ranar da aka haɗa shi da ɗan'uwansa, aka kuma san inda ya fito.

Nan ne zuciyar al'amarin take. Darajar tsohon abu kashi biyu ce: akwai kyan da ido ke gani, akwai shaidar da yake bayarwa. Kyan yana bin abin duk inda aka kai shi. Shaidar kuwa rabinta a ƙasa take. Mai binciken tarihi yana son sanin zurfin da tukunya take, da abin da ke samanta da ƙarƙashinta, da gawayin da ke gefenta, domin da gawayin ne ake auna shekaru, da ƙwayar hatsin da ta ƙone a cikinta ake sanin abin da mutanen suka noma. Idan aka cire tukunyar aka wanke ta aka dasa fure a ciki, an samu ado, amma an yage shafi daga littafin da kwafinsa ɗaya ne tak. Shi ya sa ma'aunin rikazi bai isa a nan ba. Zinariya tana rabuwa biyar kowane kashi ya ci gaba da zama zinariya, shaida kuwa in an raba ta da wurinta ta mutu gaba ɗaya.

Har ta fuskar jikin abin ma garka ba wurin ajiya ba ce. Tukunyar da ta yi ɗaruruwan shekaru cikin busasshiyar ƙasa, idan aka ajiye ta inda ake ban ruwa safe da yamma, ta jiƙa ta bushe, gishirin da ke cikin lakarta zai riƙa tasowa yana ɓarɓashe ta. Ƙashin da ya zama dutse ma yakan tsattsage idan zafin rana da sanyin hunturu suka yi ta musanya a kansa. Abin da ƙasa ta tsare shekara dubu, sha'awar mai gida tana iya gamawa da shi kafin yaron da ya tsinto shi ya yi aure.

Daga sha'awa zuwa farashi

Akwai wata illa da ta fi wannan girma, wadda ba a ganinta daga cikin gida ɗaya. Nuni yana haifar da sha'awa, sha'awa tana haifar da farashi, farashi kuwa yana miƙa wa mutane diga da shebur. Mu a Nijar mun ga haka da idonmu. A 1975 aka ci karo da maƙabartar Bura a ƙasar Tera, a 1983 kuma masanin tarihi Boubé Gado ya jagoranci tono a wurin, aka samu ɗaruruwan tukwanen bizne matattu, wasu da kawunan mutane a kansu, wasu da mahaya dawaki. Da aka baje wasu daga ciki a birnin Paris a 1993, cikin wani babban baje koli a kan tarihin kwarin kogin Kwara, sai masu tara kayan ado na Turai suka buɗe ido. Cikin ƴan shekaru aka bi maƙabartun yankin da tono, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa, tare da na Nok da na Sakkwato da na Katsina. A wannan shekarar ce ma rikici ya tashi a kan wasu gumakan laka na Nijeriya da Faransa ta saya ta baje a gidan tarihi na Louvre, har a 2002 ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, ta karɓe su aro na shekara 25.

Idan gidan tarihi, da masanansa da kyakkyawar niyyarsa, ya iya kunna irin wannan wuta, to garkar babban mutum a gari ma tana iya kunna tata daidai girmanta. Ranar da aka ji cewa alhaji wane ya ba yaro jika biyu saboda wata tsohuwar tukunya, ranar ce kufan garin ya zama kasuwa. Yaron ba zai jira damina ta tono masa ta biyu ba. Kuma a wurin tono, kafin a samu guda ɗaya lafiyayya da za ta shiga garka, sai an farfasa da dama, an watsar da ƙasusuwan mutanen da ba su yi wa kowa laifi ba. Mai gidan da ya saya bai riƙe diga ba, amma kuɗinsa ne ya ɗaga ta.

Hujjojin mai garka

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsa ba na banza ba ne.

Zai ce: in na bar abin a inda yake, ruwa ne zai tafi da shi. Wannan gaskiya ce a ƙasar da zaizaya ta addaba, har ta kai ga dasa jerin itatuwan kare iska a kwarin Majiya tun 1975, da babban aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka ana tare ruwa. Abin da kwazazzabo ya riga ya tono, ɗauke shi ceto ne. Amma ceto yana da sharaɗi: a riƙe wurin, a rubuta ranar, a ɗauki hoto kafin a taɓa, tunda yau waya mai hoto ba ta wuyar samu. Sannan akwai rata mai faɗi tsakanin ɗaukar abin da ruwa ya fitar da bin sawunsa da diga.

Zai ce kuma: gidan tarihin ƙasa na Bubu Hama yana Yamai, wajen kilomita 500 daga Madawa, idan an kai abin can, yaron Bangi ba zai taɓa ganinsa ba, a garkata kuwa ko banza maƙwabta suna gani. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma ya kamata hukumomi su ji shi. Sai dai garka tana bayan katanga, kuma a gidan Bahaushe ba kowane namiji ke wuce zaure ba. Waɗanda za su gani su ne waɗanda mai gida ya ga damar nuna wa. Ranar da ya faku kuwa, abin zai shiga rabon gado tare da awaki da buhunan albasa, ya faɗa hannun wanda bai san labarinsa ba. Tsakanin Yamai da garka akwai wurare na tsakiya: makaranta, da ofishin magajin gari, da gidan al'adu, da fadar sarki. A can ne abin zai kasance kusa da mutanensa, kuma ba a hannun mutum ɗaya ba.

Hujja ta uku ita ce talauci. Wa zai ce wa manomin da damina ta yi wa gardama kada ya sayar da abin da ya tsinta a gonarsa, alhali shi a wurinsa tsintar dami ce a kala? Babu mai tausayi da zai fara da zarginsa. Nauyin yana kan mai saye, kuma masu karanta wannan mujalla sun fi kusa da zama masu saye. Ya kamata kuma a tuna cewa a irin wannan ciniki na ƙasa shi ne kullum ake cuta. Dutsen nan da ya faɗo daga duniyar Mars, mai nauyin kusan kilo 25, wanda aka tsinta a jahar Agadas a 2023, an yi gwanjonsa a New York a watan Yuli na 2025 a kan fiye da dalar Amurka miliyan 5, sai daga baya gwamnatinmu ta buɗe bincike a kan yadda ya fita. Abin da ya bar ƙasa ta wannan hanya, ribarsa tana tsayawa ne a can inda ya sauka.

Akwai kuma wanda matsalarsa kishiyar wannan ce: ya tsinci abu mai siffar mutum ko dabba, ya ce gunki ne, ya farfasa. Ƙin ajiye sura a gida abu ne da mutum ke da hujjarsa a addini, babu mai tilasta masa yin ado da ita. Amma ƙin ajiyewa daban, hallakarwa daban. Alƙur'ani ya yi kira a wurare da dama da a dubi abin da al'ummomin farko suka bari domin a wa'aztu, wanda ya shafe alamar kuwa ya hana na baya wannan dubawa. Abin da ba ka so a gidanka, miƙa shi ga hukuma ya fi, tunda tun farko ba naka ba ne balle ka yanke masa hukunci.

Abin da ya rage wa mai son ado

Kada mai karatu ya ɗauka ana so a bar garka fayau. Fiƙihu da ya yafe tsintuwar abin da bai taka kara ya karya ba, ya ba mu ma'auni mai amfani. Bawon katantanwar dutse da ke warwatse a saman tudu, wanda ake takawa kullum, ɗaukar ɗaya ko biyu ba ya rage wa kowa ilimi, musamman idan an rubuta tudun da ya fito. Ƙashin da ke manne cikin dutse, da tukunyar da ke bizne, da duk abin da ya fito daga kabari, waɗannan a bar su inda suke a sanar da mai gari da magajin gari. Abin da ruwa ya riga ya fitar, a adana shi a inuwa, nesa da ban ruwa, a sanar, kada a sa masa farashi.

Bayan haka akwai ado mai yawa da babu nauyin kowa a kansa. Dutsen niƙan kakarka, wanda ka san hannun da ya lotsa shi da garin da aka ɗauko shi, ya fi duk wata tukunyar kufai dacewa da gindin bishiyarka, domin shi labarinsa yana bakinka, kana iya ba ƴaƴanka. Akwai kuma aikin masu rai. Maginiyar tukwane da ke zaune kasuwa tun safe, da masassaƙi, da maƙeri, da mai saƙar kaba, kowannensu yana iya yi maka abin da zai ƙawata gida, kuma kuɗin da ka ba shi abinci ne a gidansa, ƙarfafawa ce ga yaron da ke koyon sana'ar. Abin takaici ne a ga mutum yana taya tulun maginiya da rabin kuɗinsa, sannan ya biya ninki goma a kan fasasshiyar tukunya don kawai an ce tsohuwa ce. Maginiyar yau jikar waccan ce a sana'a. Masallacin Yama da ke wannan jaha tamu, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986; ƙasar da ya gina shi da ita ita ce ƙarƙashin ƙafafunmu, kuma bai tona kabarin kowa ba kafin duniya ta yaba masa.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu akwai aikin da ba ya bukatar kasafin kuɗi. Littafin rubutu guda a kowace makaranta ya isa: abin da aka tsinta, wanda ya tsinta, wuri, rana, zane ko hoto, da abin da tsofaffin gari suka ce game da wurin. Akwati ko kanta a kusurwar aji ta isa ajiyar abin da ya riga ya fito, bayan an sanar da hukuma. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: kada a ba yaro kuɗi ko maki don ya kawo, domin lada ma farashi ne, kuma zai tura shi tono. A yaba masa a kan ya nuna wuri, ya bar abin yadda ya same shi. Yaron da ya koyi cewa dutsen da ke hannunsa ya taɓa zama a ƙasan teku, ko cewa tsingaron nan wata uwa ce ta dafa tuwo a ciki kafin a kafa garinsu, ya samu darasin tarihi da na ɗabi'a a zama ɗaya.

An ce zanen aro ba ya rufe katara. Adon da aka yi da abin da ba a tambayi asalinsa ba irin wannan zane ne: baƙo zai yaba, amma tambaya ɗaya ta isa ta yaye shi. Don haka duk wanda zai ajiye tsohon abu a gindin bishiyarsa, ya fara tambayar kansa ko zai iya faɗar inda ya fito a gaban mai gari ba tare da sunkuyar da kai ba, ko kuma samunsa ya sa wani ya ɗauki diga. Idan amsar ta yi masa daɗi, ya yi adonsa, Allah ya sa albarka a gidan. Idan ta yi masa nauyi, ƙofar makaranta da ta magajin gari a buɗe suke, maginiya kuma tana nan kasuwa da sabon tulu.